Yadda Ake Ƙera Jirgin Da Ke Hana Gaida Baƙi

Ke da kika gama jami'a kika dawo gida, kika zama kamar sabon firji, duk wanda ya shigo sai an nuna masa ke, matso kusa, da ke nake. Na san yadda kike neman wurin ɓuya idan aka yi sallama a ƙofa. Na san muryar Mama: "Ina take ne? Fito, ga baƙi!" Na kuma san abin da ke jiranki a falo: "An samu aikin?" da "Har yanzu ba wanda ya fito?" da babbar yayarsu, "Wai ita ba ta magana ne?"

Share hawayenki. Maganin ɗan ƙaramin jirgin sama ne, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, wanda za ki ƙera da hannunki. Ki bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari za ki samu wuri a gidanku inda ba mai kiranki, ba mai leƙo ki, ba mai tambayarki komai. Ni na gwada, kuma ya ci. Tabbas ne, ba ko shakka.

Mataki na ɗaya: Nemi ɗaki kafin ki nemi fiffike

Kada ki ce za ki ɓuya a bayan littafi. A idon gida mai karatu a zaune take, kuma wadda ke zaune ita ake aika. Saƙa ma ba ta yi, don ana iya yinta a falo ana hira. Abin da kike buƙata aiki ne mai cin wuri, mai wari, mai kaifi, wanda ba a san tsawon lokacinsa ba. Jirgi ya haɗa duka. A danginku kaf ba wanda zai iya cewa, "Ai 'yar wance tuni ta gama nata."

Kowane gida yana da sito, inda fanka mai karyayyen wuya take, da akwatunan da ba a buɗewa, da kwalin firjin da Baba ya hana a yar. Shi za ki nema. Ki jira sai Baba ya kara rediyo a kunne yana jin labarai, don a lokacin ko gidan kika roƙa "to" zai ce. Ki sako kalmar "bincike" a cikin maganar. Iyayen da suka yi wahalar makaranta suna jin kalmar nan kamar ana sosa musu baya.

Sannan ki sayi ɗan kwaɗon kulle ƙofa, ƙarami, mai ruwan tagulla. Idan kina ciki ki maƙala ta ciki, idan kin fita ki maƙala ta waje. Kada ki raina shi don ƙanƙantarsa. A duk kayan aikin nan, shi ne injin gaskiya.

Mataki na biyu: Tara kaya ba tare da kin buɗe baki ba

Jikin jirgi daga kwalin firjin nan zai fito. Ki zaro farin soson da aka tallafe firjin da shi, mara nauyin nan mai zubar da ƙwayoyi, ki yanka da sabuwar reza. Tsohuwar reza ba yanka take ba, tauna take yi. Ƙashin fiffike kuwa, ki zare ƙarfe ɗaya daga lemar da iska ta juya wa baya. Ba gidan da ba shi da irinta. Sai salatif, mai yawa.

Abin da babu a sito kaɗan ne: ɗan injin lantarki da bai kai ƙwan kaza ba, da farfela, da batir, da rimot mai 'yan sanduna biyu, da wasu 'yan mitsi-mitsin injina masu karkata wutsiya. Ki yi odarsu ta waya. Kada ki kuskura ki shiga shagon kayan lantarki. Mai shago zai ce, "Na ƙaninki ne?" ke kuma za ki ce e, ki fito da abin da ba shi kika je saye ba. Ɗan aike kuwa "na gode" kaɗai yake buƙata, ita ma kina iya faɗinta kina kallon kwalin.

Ƙa'idar aikin ita ce rashin nauyi. Duk abin da kika liƙa masa a ƙasa don ado, sai ya tuna miki da shi a sama. Masana sun ce jirgi da sirri halinsu ɗaya: da sun yi nauyi, a gidan maƙwabta suke faɗowa.

Mataki na uku: Sayi gam iri biyu

Na farko fari ne, mai haƙuri, yana riƙe soso ba tare da ya cuce shi ba. Na biyu shi ne mai zafin nan da ake liƙe takalmi da shi, wanda in ya taɓa soso yake cinye shi kamar gara. Fiffikena na farko a gabana ya narke, ya koma kamar ganyen da tsutsa ta kwana a kai. Ina zaune ina kallon gawarsa sai na ji takun Mama, ta iso bakin ƙofa da niyyar kirana. Ta yi tari. Ta ce, "Wannan warin ba zai taɓa miki ƙwaƙwalwa ba kuwa?" Ta juya.

A ranar na tabbata ba a halicci komai a banza ba. Farin gam na jirgi ne, mai warin na baƙi ne. Ki ajiye shi gindin ƙofa, da kin ji takun silifas ki buɗe murfin. Ki buɗe taga ita ma. Ɓuya muke so ki yi, ba suma ba.

Mataki na huɗu: Haddace jimla ɗaya

"Gam bai bushe ba."

Shi ke nan. Ba ta buƙatar ɗaga murya, ba ta buƙatar buɗe ƙofa, ba ta kuma karɓar musu, don ba mai son ya sa yatsa ya gwada. Idan aka ce ki fito ki gaisa, gam bai bushe ba. Idan aka ce ƙawar Mama ta zo da hoton ɗanta, gam bai bushe ba, kuma yau da alama zai daɗe.

Ba da jimawa ba Mama za ta karɓe miki aikin. Za ki jiyo ta daga falo tana cewa, "Ku yi haƙuri, tana ciki tana haɗa jirgi."

"Jirgi jirgi?"

"Jirgi mai tashi sama."

Ki lura: jiya ke mara aiki ce mara magana, yau kin zama mai zurfin ciki. Halinki bai canja ba ko kaɗan, wari kawai aka ƙara.

Mataki na biyar: Kada ki gama

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, ki karanta shi sau biyu. Jirgin da aka gama, an gama da mai shi. Muddin akwai sauran aiki, akwai sauran ɗaki. Saboda haka ki goge fiffike, ki sake gogewa. Ki ɗora wutsiya, ki ja da baya ki ƙare mata kallo, ki cire. Sannu ba ta hana zuwa, mu kuwa zuwan ne ba ma so.

Haɗari ɗaya ne a nan, kuma ba wanda ya gargaɗe ni. Wata rana za ki haɗa wayoyi don kawai a jiyo ƙara daga waje, ki tura sandar rimot kaɗan. Farfela za ta juya. Takardun teburin za su tashi, ƙurar akwatuna ta bi su, sai ki ji abin yana fizgar hannunki kamar ɗan akuya ya hango ƙofa a buɗe. Wannan farin soson, wannan ƙarfen lemar, suna son tafiya.

Ki kashe nan take. In kika bari kika saurara, kin shiga uku: za ki fara sonsa tsakani da Allah, ki riƙa farkawa da tunanin yadda zai yi a sama. Ni na saurara.

Mataki na shida: Ki san Gwaggonki

Kowane gida yana da wadda wari ba ya kora. A namu Gwaggo ce, ƙanwar Baba, tela, wadda kekenta ke baranda, rana ta doke ta da safe, feshin ruwa ya jiƙa mata yadi da yamma. Ta daɗe tana kallon siton nan kamar yadda mage ke kallon kifi. Tsakani da Allah ta fi ni buƙatarsa, amma wannan darasin ba na adalci ba ne.

Ranar da na fito ɗebo ruwa na tarar da ita a bakin ƙofar, ta ware tef ɗin awon da ke wuyanta tana gwada faɗin ƙofar.

"Injiniya," ta ce, don haka take kirana, alhali lissafi na karanta, "wai jirgin nan na sama ne ko na cikin ɗaki? Tun ina ɗinka wa matar mai shago rigar goyon ciki ake haɗa shi, ga yaron can har ya fara rarrafe."

"Gam bai bushe ba, Gwaggo."

"Da ruwan teku aka dama shi?" Ta naɗe tef ɗin. "Kekena zai shiga, har da sauran wuri. Yaya! Zo ka raba mu."

Baba ya fito da rediyonsa a hannu, a kashe. Idan kika ga rediyo a kashe, ki san magana ta girma. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwata, ni akawu ne har na yi ritaya. Abin da ido bai gani ba, ba a ce akwai shi. Ranar hutun nan ki fito da shi ki tashe shi mu gani. In jirgi ne, ɗaki na jirgi. In ba jirgi ba ne, ɗaki na keke."

Idan taki ta kai nan, ki manta da mataki na biyar. Yanzu gamawa ce ɓuya.

Mataki na bakwai: Daidaita hanci da wutsiya

Ki ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, kusa da bakinsa na gaba. In ya tsaya daram, ko ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai ladabi, madalla. In wutsiya ta rinjaya ya ɗaga hanci, akwai matsala. Masu sana'ar suna cewa mai nauyin hanci yana tashi da kyar, mai nauyin wutsiya kuwa sau ɗaya yake tashi. A mutane ma na lura haka abin yake: mai ɗaga hanci bai cika daɗewa a sama ba.

Nawa ya ɗaga hanci. Sai an sa masa wani abu a gaba. Na gwada ƙusa, ba ta isa ba. Na gwada cokali, ya yi tsawo. Na gwada murfin gam, da noti, da kan famfo. Na bi siton nan da kallo sai idona ya sauka a ƙofa.

Ɗan kwaɗon nan. Kamar dominsa aka yanka ramin. Na cusa shi, na naɗe da salatif, na ɗora a yatsu: daram. Na ce a raina aro ne na safiya ɗaya, da mun dawo zai koma bakin aikinsa. Ke ma haka za ki ce.

Kafin ki fita, ga wani sirri. Idan jirgi yana tafiya yana ba ki baya, damansa damanki ne. Idan ya juyo yana fuskantarki, komai ya birkice: ki tura dama ya yi hagu. Dabarar sabon shiga ita ce, da ya juyo ke ma ki juya, ki ba shi baya, ki riƙa kallonsa ta kan kafaɗa. A haka hannunki da nasa sun sake zama ɗaya. Ki gwada a sito har jikinki ya saba. Na gwada ba adadi. Sai dai a sito, duk lokacin da na juya, bango nake gani da fanka mai karyayyen wuya.

Mataki na takwas: Zaɓi lokacin da ba iska ba mutane

Da sassafe ke nan, a filin ƙwallon da ke bayan gidaje. Kada ki faɗa wa Mama lokacin. Ba zai hana komai ba, amma zuciyarki za ta shaida kin yi naki.

Da na isa filin na tarar an riga ni. Ƙawayen Mama da kujerun roba. Matar mai shago da ɗanta mai rarrafe. Mai hoton ɗan nan, da ɗan da kansa. Duk baƙon da gam ya taɓa korarwa ya zo, a jere, kamar an yi musu gayya, kuma an yi musu ɗin.

Kada ki firgita. Ki wuce gabansu da sauri kina duba farfela kamar akwai abin dubawa, ki tsaya ki ba su baya. Matuƙi yana da izinin ba mutane baya, ba a kiransa rashin kunya. Wannan na cikin daɗin sana'ar.

Mataki na tara: Ba maƙiyin jirgin ya jefa shi

Irin jirgin nan ba shi da taya. Jefa shi ake yi. Hannunki biyu suna kan rimot, don haka sai wani ya jefa miki. A nan ake yin kuskure. Mai ƙaunarki zai tausaya wa jirgin, ya sake shi a hankali kamar yana miƙa jariri, shi kuwa ya faɗo a gaban takalminsa. Jirgi ba ya son tausayi. Ki nemi wanda ya fi kowa son ya ga bayansa.

"Ba ni nan," in ji Gwaggo. Ta ɗaure gyale a ƙugu. "Ni da nake jifan kaji da takalmi tun ba a haife ki ba."

"Gwaggo, iska za ki fuskanta, ki miƙe hannu."

"Na ji, Injiniya. Jama'a ku shaida, in ya faɗi ba hannuna ba ne."

Na tura sandar wuta. Gwaggo ta ja da baya, ta tattara duk ranar da ta doke ta a baranda da duk yadin da ruwa ya ɓata mata, ta wurga shi kamar tana korar shaiɗan.

Ban taɓa ganin jifa mai kyau irin wannan ba.

Mataki na goma: Kada ki ɗauke ido daga kansa

Ya yi ƙasa kaɗan kamar zai shafi ciyawa, sai ya tuna abin da aka yi shi dominsa. Ya ɗaga. Ya wuce tsayin ragar gola, ya wuce tsayin bishiya. Rana ta bi ta cikin farin soson har ina hango inuwar ƙarfen lemar a fiffikensa. Na taɓa sanda kaɗan, ya karkata kaɗan, kamar ya ji abin da ban faɗa ba. Duk rayuwata in na yi magana sai an ce, "Me kika ce? Ɗaga murya." Wannan kuwa daga can sama yana jina.

A bayana wani ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Sai daga baya na gane Baba ne.

To, komai nisan jifa ƙasa zai dawo. Fili ya ƙare, dole a juyo. Na karkata shi, ya yi kwana mai kyau, ya miƙo yana fuskantata. Jikina ya yi abin da ya saba a sito: na juya na ba shi baya.

Babu bango. Babu fanka. Idanu ne, reras, kujera bayan kujera, duk a kaina. Matar mai shago ta ɗaga min hannu. Ɗan mai hoto ya yi murmushi. Wata ta ce, "Au, ashe haka fuskarta take!"

Ke da kike karanta wannan kin san abin da wuyanmu ke yi idan aka zuba mana ido. Ba ya neman shawara. Na sunkuyar da kai, na kalli takalmina.

Ban daɗe ba, numfashi ne kaɗan. Amma jirgi ba ya jiran mai kunya. Da na ɗago, na hango wutsiyarsa tana ƙetare wata katanga, sannan muka ji ƙwaram, kamar an jefi tukunya.

Gwaggo ta kwance gyalenta.

"To, Yaya. Tashi ya yi ko guduwa? Ɗakin jirgi ka ce. Ina jirgin?"

Baba katangar yake kallo, don ya san ta. Gidan Baba Birki ne, tsohon direban bas, maƙwabcinmu na jikin bango, wanda shi da Baba suka daina ko gaisawa tun ina makarantar sakandare, a kan ruwan kwata. Can Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, in babu jirgi, me za a ajiye a ɗakin?"

Mataki na goma sha ɗaya: Ƙwanƙwasa

Ba dabara a nan. Na nema, babu. Ba a yin oda ta waya, ba a turo gam. Ƙafarki za ta kai ki, hannunki zai buga ƙofa, bakinki zai yi magana.

Ki shirya jimlarki tun daga fili: "Ina kwana, Baba, don Allah a yi haƙuri, jirgina ne ya faɗo gidanka." Ki sani jimla tana zubewa a hanya kamar ruwa a kwando. A bakin layi tawa ta koma "Baba, jirgina ya faɗo." Da ƙofa ta buɗe, dogon tsoho ya leƙo da tawul a wuya da bokiti a hannu, abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Jirgi."

"Wa nake gani? 'Yar gidan Akawu? Ashe kina da murya!" Ya buɗe ƙofar sosai. "Ke ce direbar?"

"E, Baba."

"Da lasin?"

A tsakar gidan akwai tsohuwar bas ɗinsa, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta a kan bulo, amma tana ƙyalli, don duk ranar hutu sai ya wanke ta. Jirgina yana kan rufinta, fiffike ɗaya a karye.

"Na tsufa a kan sitiyari," in ji shi, yana hawa tsanin bayan motar, "ban taɓa ɗaukar fasinja daga sama ba sai yau." Ya sauko da shi yana jujjuyawa, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa cikinsa da farce. Salatif ɗin hanci ya yage, tagulla ta leƙo. Ya sa yatsa ya zaro.

"Yauwa! Ga abin da ya kayar da shi. Wa ke ɗora wa tsuntsu kwaɗo? Lodi ya yi yawa a gaba, 'yata."

Ba haka ba ne. Na san ba haka ba ne, ina da bayanin tsaf, har da lissafinsa. Na buɗe baki. Ya dube ni. Na rufe.

"Wannan ladan fakin ne," ya ce, ya jefa kwaɗon a aljihu. "Akurkin kajina na buƙata. Muje. Abin da ya sauka a tashata, ni ke kai shi gida."

Mataki na goma sha biyu: Yi shiru, dattawa na magana

Wannan ne kaɗai matakin da ba sai na koya miki ba.

Mun tarar jama'a sun dawo ƙofar gidanmu da kujerunsu, Gwaggo har ta sa an fara jawo keke. Baba na tsaye. Baba Birki ya tsaya a gabansa da jirgi a hammata.

"Akawu."

"Direba."

"Kayanka sun sauka a tashata ba tikiti."

"Kamar yadda ruwan kwatarka ke shigo min gida ba sallama."

"Ruwa gangare yake bi, kowa ya iya. Wannan kuwa hawa ya yi, da idona na gan shi saman bishiya. Ashe gidanka akwai ƙwaƙwalwa. Wajen uwa ta gado."

Mama ta gyara mayafi tana kallon gefe.

"Ai magana ta ƙare, Yaya," in ji Gwaggo. "Ga shi nan a karye, a hammatar wani. Ku ɗaga min keken nan."

"Au, korarta za a yi?" Baba Birki ya juyo gare ni, amma da muryar da duk layin zai ji. "Zo, 'yata. Motata na nan, kujeru reras, tagogi ko'ina, ba haya. Gidan da ba a san darajar direba ba, ba a zama."

Baba ya cire tabarau. Ya goge. Ya mayar.

"'Yata, da digirinta, a cikin gawar mota? Tana da ɗakinta. Ɗakin bincike. Ni na ba ta, da bakina, kuma da sanina na bayar. Teburin falo ma a kai mata." Ya dubi Gwaggo. "Ke kuma gobe a kira kafinta ya rufe miki barandar nan, har da taga."

Kin gani? Abin da roƙo bai bayar ba, da abin da jirgi bai bayar ba, kwata ta bayar. Ki riƙa girmama gabar iyaye. Dukiya ce da ba a san ranar amfaninta ba.

Mataki na goma sha uku: Girbi abin da kika shuka

Ɗaki ya zama naki. Sai dai ƙofar ba kwaɗo, yana can yana gadin kaji. Kada ki ce za ki sayi wani. Baba zai ce ɗakin bincike ba a kulle shi.

Da an gama labarai Baba zai shigo da 'yar ƙaramar kujerarsa, don kada Direba ya zo ya sace masa 'ya da daɗin baki. Baba Birki zai shigo duba lafiyar fasinjansa. Za su zauna gwiwa da gwiwa suna musu a kan hanci da wutsiya, kowa da kuskurensa, kowa da ƙarfin muryarsa. Ki buɗe gam mai wari in kina so. Mutumin da ya shaƙi hayaƙin bas duk rayuwarsa cewa zai yi, "Kai, wannan yana buɗe hanci. Ƙaro."

Gwaggo, da barandarta mai taga, nan za ta yini, tana ɗinka wa jirgin riga don ƙura, tana gaya wa kowa, "Ni na tashe shi. Ita maɓalli kawai ta danna." Har da gwada jifan, da silifas.

Mama kuwa ta daina cewa ki fito ga baƙi, kamar yadda na yi miki alkawari. Yanzu daga ƙofar gida kai tsaye take wucewa da su: "Ku zo ku ga jirgin."

Kada ki yi kuka. Ki lura da idanunsu. Duk a kan jirgin suke, da tsofaffin nan biyu, da silifas ɗin Gwaggo. Ba mai kallonki. Ki ɗauki rezarki da guntun soso, ki bi ta bayan matar mai shago, ki sulale.

Ki tafi falo.

Ba kowa. Fanka na juyawa, mai lafiyayyen wuya. Labule a sake, babbar kujerar Baba a buɗe, tiren kofuna ba wanda ya taɓa. Rabon da baƙo ya zauna a nan tun ranar fili. Kuma duk gidan, in aka tashi nemanki, falo ne wuri na ƙarshe da wani zai yi tunanin ya leƙa.

A nan na rubuta wannan. A bayan kujerar akwai sabon fiffike, ya fi na farko rashin nauyi. Ranar da zan tashe shi ko takalmina ba zan gaya wa ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin narkewar fiffike ba, ko tsagar yatsa, ko lemar da aka nema ranar ruwa aka tarar ba ƙashi. Ba ruwanta da kwaɗon da ya koma hidimar kaji, ko gabar da ta lalace ta zama zumunci, ko ɗan mai hoto da ya fara tambayar inda ake sayen farfela. Wadda gidansu ba Gwaggo, ko ba maƙwabci mai kwata, ta nemi nata. Ba a haɗa su a cikin kwalin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Mai ƙorafi tana iya zuwa gida, ƙofar sito a buɗe take, za a ba ta kujera a nuna mata jirgi. In kuwa ta dage sai ta gan ni ido da ido, a gaya mata ta yi haƙuri. Gam bai bushe ba.